Muguwar Mace a Talabijin: Wa Ya Ƙera Ta?

'Yan uwana ɗalibai, akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo tsakanin masu kallon tsofaffin wasannin talabijin na ƙagen kimiyya, watau labaran tafiya sararin samaniya. Wani ɓangare ya ce duk wasan da ya nuna mace a matsayin muguwa, ƙiyayyar mata ce ta haife shi. Ɗaya ɓangaren ya ce ai wasa wasa ne, a bar mu mu yi kallo. Ni a ganina duka biyu sun bar jaki suna dukan taiki.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne, ba ruwan ɗan Miga ko ɗan Jahun. Irin waɗannan wasanni sun shigo ƙasar nan tun da daɗewa. A 2013 aka gano kashi 9 na wasan Doctor Who a wata tashar talabijin a Jos, bayan BBC da ta shirya shi ta rasa nata. Ashe an yi ta kallon su a Arewa.

To, mu ɗauki mata biyu mu auna. Ta farko ita ce Janice Lester, a kashin ƙarshe na Star Trek na asali, wanda aka nuna a Amurka a 1969. Tsohuwar budurwar Kyaftin Kirk ce, tana ƙorafin an hana ta jagorancin jirgi saboda ita mace ce. Sai ta yi amfani da wata na'ura ta musanya jiki da shi, ta hau kujerarsa. Me marubutan suka yi da ita? Suka sa ta ihu da fizge-fizge a gaban ma'aikata har asirinta ya tonu. Darasin a fili yake: macen da ta nemi kujerar namiji, taɓin hankali ne ya kama ta.

Ta biyu ita ce Servalan, a wasan Blake's 7 da BBC ta nuna daga 1978 zuwa 1981, wadda Jacqueline Pearce ta fito a matsayinta. Babbar kwamanda ce, daga baya ta zama shugabar daula. Tana kisa, tana cin amana, amma da lissafi da sanyin rai, don mulki take so, kamar kowane azzalumin sarki. Mai kallo yana tsoronta, ba ya raina ta.

Dukansu miyagu ne, amma Lester kaɗai aka wulaƙanta. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: daga ina marubuci ya ce muguntar ta ɓullo? Idan daga kwaɗayin mulki ne ko na dukiya, to ya ɗauki mace cikakken ɗan Adam. Idan kuwa daga zamanta mace kawai, to ya zagi uwarsa da tamu.

Yanzu mu dawo gida, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shiga gidan kallo a Dutse, ko ka leƙa wayar ƙanwarka. Su wa ke mugunta a yawancin finafinan Hausa? Kishiya, uwar miji, matar uba. Ina suke zuwa? Wurin boka. A kan me? A kan namiji. Shi kuwa maigidan da ya tara su, ya kasa adalci, sai a nuna shi bawan Allah wanda asiri ya ci. Wannan Janice Lester ce aka ɗaura mata zane da kallabi.

Ko tarihi bai tsira ba. Sarauniya Amina ta Zazzau an san ta da yaƙi da gina ganuwa, amma sai da masu baka suka laƙa mata labarin wai duk garin da ta ci takan kwana da namiji, da safe ta kashe shi. Kamar dai ba za a iya yarda mace ta yi sarauta ba sai an mai da ta dodo.

Ana iya yin dabam, an kuma yi. Med Hondo a 1986 ya yi fim kan Sarauniyar Lugu wadda ta tari sojan Faransa a 1899. Balaraba Ramat Yakubu, a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta ɗora laifin rushewar gida a wuyan mijin da ya rushe shi. Su ma masu Star Trek sai da suka ba mace, Kyaftin Janeway, jagorancin jirgi a 1995.

Kirana ga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na jami'o'inmu shi ne: kada ku share muguwar mace daga dandali, domin wanda ba zai iya zalunci ba, ba a yaba masa adalci. Ku ba ta ofis, ku ba ta kwangila, ku sa ta cinye kuɗin rijiyar ƙauye, mu tsane ta a kan abin da ta aikata. Amma kishi da boka sun ishe mu haka nan. Allah Ya sa mu gane.