RA'AYINMU: Kafin Burushi Ya Ciyar da Mai Shi

A 'yan watannin nan mun lura cewa waɗansu daga cikin 'yan'uwanmu ɗalibai, har da matasan ma'aikata waɗanda albashi ba ya kai su ƙarshen wata, sun ɗaura aniyar koyon zane da fenti don ya zama sana'arsu. Wannan abin farin ciki ne. Abin da ya dame mu shi ne, da yawansu suna zaton wata shida sun isa mutum ya ƙware, har attajirai su fara rububin aikinsa.

Duk wanda ya bi Titin Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwar Gano zai iske rumfunan masu rubuta allunan kantuna da yi wa motoci ado. Ya kamata mai wannan buri ya tsaya ya dubi yaron shago. Yakan daɗe yana wanke burushi da kananzir, yana goge allo, yana dama fenti, kafin maigidansa ya yarda ya ja layi ɗaya a kan aikin mutane. Ba ƙeta ba ce, domin allon da ya ɓaci maigida ne zai biya. Ga shi kuma na'urar buga manyan hotuna ta cinye musu kasuwa mai yawa, ta yadda wanda hannunsa bai faɗa ba, ba shi da abin da zai fi inji da shi.

Kada wani ya ce ai wannan hanyar marasa takarda ce. A 1958 waɗansu ɗaliban zane a kwalejin nan ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyarsu da ake kira Zaria Art Society. A cikinsu akwai Uche Okeke da Yusuf Grillo da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, mutanen da yau ake karanta tarihinsu a aji. To, me ya ciyar da su? Onobrakpeya ya koyar a Kwalejin St. Gregory ta Ikko daga 1963 har 1980, wato shekara 17 yana riƙe da alli, yana nasa aikin a bayan fage. Grillo ya shafe shekaru masu yawa yana koyarwa a kwalejin fasaha ta Yaba, Okeke kuwa a Jami'ar Nsukka. In waɗannan ba su raina albashin malanta ba, mu su wa?

Akwai kuma abin da ya shafi Kano musamman, wanda ba a cika son faɗa ba. Manyan ɗakunan sayar da zane suna Ikko da Abuja ne, kuma gidaje da yawa a nan ba sa rataye surar mai rai saboda dalilin addini. Abin da ke da masaya shi ne zayyanar rubutun Larabci, da dagi, da adon bango irin na magina. Ɗalibin da ya ƙi koyon waɗannan don yana ganin su aikin gargajiya ne, shi ya rufe wa kansa ƙofa.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwanmu ma'aikata kada su ajiye aiki tun ba su sayar da zane ko goma ba. Ɗalibai kuma su nemi maigida a irin waɗancan rumfuna lokacin dogon hutu, ko da wankin burushi za a ba su. Ita kuwa ƙungiyarmu ta ɗalibai, muna kira gare ta da ta ware ɗaki guda a makon al'adu mai zuwa, inda masu koyo za su baje aikinsu, a rubuta farashi a jikin kowane zane.