Wa Ya Kashe, Wa Ya Yi Shiru: Daura da Labaran Tsohon Jini a Cikin Gida

A cikin ƙagaggun labaran da ke yawo a wayoyin Hausawa a yau, waɗanda ake sakinsu babi-babi a zaurukan WhatsApp da Wattpad, ko a karanta su da murya a YouTube, akwai wani zubi da ke yawan dawowa. Yaro ko yarinya za ta tashi a hannun baffa, an gaya mata cewa zazzaɓi ne ya ɗauke mahaifinta tun tana goye. Sai bayan shekara ashirin, ranar da aka zo neman aurenta ko aka zauna rabon wata gona, wata tsohuwa ta yi suɓul da baka. Daga nan mai karatu ba shi da sauran barci. Manazarta da dama, idan sun waiwayi irin wannan rubutu, sukan sallame shi da hukunci guda: kwaikwayon finafinan Indiya ne, ko kuwa ragowar tasirin James Hadley Chase da samarin Arewa suka sha karantawa a shekarun baya. Wannan hukunci ya yi gaggawa. Aro dai akwai shi, babu mai musu, amma aro kaɗai ba ya bayyana dalilin da ya sa zubin ya sami gindin zama. Ƙasar Daura kuwa wuri ne da ya dace a tsaya a dubi wannan dalili.

Yana da kyau a fara da abin da Turawa suka ce game da nasu. A wata maƙala ta 1966, Tzvetan Todorov ya nuna cewa labarin binciken kisa labari biyu ne a cikin riga ɗaya: labarin laifin, wanda ya ƙare kafin a buɗe littafin, da labarin binciken, wanda aikinsa shi ne tono na farkon. Idan aka nisanta tsakanin biyun da shekaru, sai jan ran ya canza kama, domin babu gawa, babu sawu, sai abin da ya rage a ƙwaƙwalwar mutane. Haka Agatha Christie ta yi a Five Little Pigs na 1942, inda wata budurwa ta nemi a sake duba kisan mahaifinta bayan shekara 16, kisan da aka ɗaure mahaifiyarta a kansa. Haka ma Stieg Larsson na Suwidin ya gina littafinsa na 2005 a kan ɓacewar wata yarinya daga gidan attajirai kusan shekara 40 da suka wuce. A irin waɗannan littattafai, galibi da zarar an ambaci sunan mai laifi, labari ya zo ƙarshe. A gidan Bahaushe kuwa, ambaton sunan shi ne mafarin rigima.

Duk ɗan Daura ya tashi da labarin da tambayarsa ta tsakiya ita ce: wa ya kashe? Baƙo ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce masa macijiyar da ke rijiyar Kusugu ba ta barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya je ya sare ta, ya ɗauke kan, ya koma masauki bai gaya wa kowa ba. Da gari ya waye, Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin, masu da'awar ƙarya suka yi ta fitowa, amma babu mai iya kawo kan. Abin da ya warware ƙullin shi ne lurar tsohuwa, wadda ta tuna cewa baƙonta ya kawo ruwa a daren da ba a ɗibar ruwa. An saba nazarin wannan tarihihi ta fuskar asalin Hausa Bakwai, ana ta muhawara ko Bayajidda mutum ne ko alama ce ta ƙaura. Ba a cika lura da cewa zubinsa zubin bincike ba ne tsaf: aiki a ɓoye, da'awa, neman hujja, shaida daga wadda babu wanda ya zaci tana da abin faɗa. Kuma labarin bai tsaya a gano wanda ya yi kisan ba. Ya zarce zuwa aure, da ƙwarƙwara, da 'ya'ya biyu waɗanda sunayensu kansu gardamar gado ce, Karɓagari ɗan Bagwariya da Bawo ɗan Daurama, ɗaya an ce ya karɓe gari, ɗaya an ce a mayar da shi.

Tarihin da aka rubuta ma bai saɓa wa wannan ɗabi'a ba. A farkon ƙarni na 19 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka fitar da Sarkin Gwari Abdu daga birnin, zuriyarsa ta watsu zuwa Zango da Ɓaure da Magarya, wadda yanzu take cikin Nijar. Kusan shekara ɗari ana riƙe da da'awar gida a bakin tsofaffi da maroƙa, har zuwa shekarun farko na mulkin Turawa da aka dawo da Malam Musa kan gadon Daura. M. G. Smith ya bi diddigin wannan a The Affairs of Daura na 1978. Jama'ar da ta ga haƙƙin da aka binne ƙarni guda ya tashi da ƙafarsa ba ta bukatar wani ya koya mata cewa tsohon zance ba ya mutuwa.

Ga kuma abin da ake ji kowace shekara a wuraren tafsirin azumi. Ƙissar saniyar da Suratul Baƙara ta ɗauki sunanta ƙissar kisa ce da aka ɓoye, kuma malaman tafsiri sun ruwaito cewa wanda ya yi kisan ɗan'uwan mamacin ne, ya ƙosa ya ci gado, sa'an nan ya fi kowa ɗaga murya wajen neman jinin. Ƙissar Annabi Yusuf, duk da ba a kai ga kisa ba, tana ɗauke da sauran kayan aikin: 'yan'uwa da suka haɗa baki, riga mai jinin ƙarya, uba da ya ƙi gaskatawa, da shekaru masu yawa kafin asiri ya tonu a gaban kowa. Mai karatun da ya girma da waɗannan ya riga ya san daɗin jiran ranar tonon asiri tun kafin ya ga fim ko guda.

Rubutaccen ƙagaggen labarin Hausa ma da wannan jigo ya buɗe ido. A cikin littattafan da suka biyo bayan gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka fi tunawa da shi saboda barkwancin Malam Zurƙe, ya ɗora tushen tauraronsa a kan kisan da Saƙimu ya yi wa mahaifin Alhaji Imam tun kafin a haife shi. Jiki Magayi na John Tafida da East ya fi zurfafawa: Kyauta ya kashe mahaifinsa Malam Shehu bai san shi ba ne, kuma sai daga baya ya fahimci cewa masifar ta samo asali daga auren da aka yi da ƙarfin dukiya kafin zuwansa duniya. Mai son kwatance zai tuna da Oedipus na Girkawa, amma babu bukatar zuwa nesa haka.

Inda zancen ya fi nauyi shi ne fikihu, kuma nan ne marubuta da manazarta duka suka bar dukiya a ƙasa. A mazhabar Malikiyya, wadda ɗaliban zaure ke karanta ta a Risala ta Ibn Abi Zaid, jinin wanda aka kashe haƙƙi ne na waliyyansa. Su ke neman ƙisasi, su ke yafewa, kuma idan ɗaya daga cikin 'ya'yan mamaci ya yafe, kisa ya faɗi, saura su karɓi rabonsu na diyya. Wanda ya kashe da gangan ba ya cin gadon wanda ya kashe. Idan babu cikakkun shaidu amma akwai alama mai ƙarfi, kamar mamaci ya ambaci sunan wanda ya cuce shi kafin ya cika, sai a koma ga ƙasama, wato rantsuwa hamsin. Kisan gilla kuwa, wanda aka yi da yaudara, babu yafiya a cikinsa. A ɗauki waɗannan hukunce-hukunce a shigar da su gida guda, inda mai kisan, da waliyyin jini, da magaji duk suke ci a akushi ɗaya. Idan ta tabbata baffa ne ya kashe, to gonar da ya rabauta da ita shekara ashirin ba tasa ba ce, gidan da ya gina da amfaninta akwai magana a kansa, kuma 'yarsa da aka aurar wa ɗan mamacin auren zumunci tana goyon jikan mutum biyu, wanda ya kashe da wanda aka kashe. Wa zai yi rantsuwar? Wa zai yafe, kuma da wane ido zai dubi uwarsa idan ya yafe? Babu ɗan sandan da zai rufe irin wannan shari'a a babin ƙarshe.

Saboda haka abin da ke riƙe mai karatu Bahaushe ba sunan makashi ba ne, domin sau da yawa yakan gane shi tun a tsakiyar littafi. Abin da yake jira shi ne ya ga wanda ya sani ya yi shiru, da abin da ya sa shi shirun. Al'ummar da ta ɗaukaka kunya da kara da rufin asiri tana da hanyoyi barkatai na ɓoye magana ba tare da an yi ƙarya ba. Uwa ba ta ambatar sunan ɗan fari, balle ta zauna ta yi masa bayanin mutuwar ubansa. Ƙaramin gida ba ya tuhumar babba. Kaka tana iya sakin gaskiya cikin wasan jika, a yi dariya a wuce. Waɗannan ɗabi'u, da ake yabonsu a cikin mutumin kirki, su ne kuma ganuwar da mai laifi ke fakewa a bayanta. Ƙagaggen labari ya zama wurin da ake iya tambayar farashin wannan shiru ba tare da an nuna gidan kowa da yatsa ba.

Akwai masu ganin cewa wannan duk tonon silili ne, yana koya wa yara zargin iyaye da baffanni, yana kuma karo da umurnin addini na suturta Musulmi da barin bin diddigi. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, musamman a gari kamar Daura inda an san gidaje da kakanninsu, inda marubuci zai iya canza suna kawai amma duk unguwa ta gane wanda ake nufi. Wanda ya yi haka ba adabi ya rubuta ba, ƙazafi ya yi wa ado. Sai dai suturar da aka yi umurni da ita ta shafi laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Ba ta share haƙƙin maraya ba, ba ta kuma mayar da ɓoye shaida abin yabo ba. Labarin da ya bambance waɗannan biyu ya yi aikin da wa'azi da yawa ke kaucewa.

Laifin da ya fi cancanta a kama marubutan da shi daban ne. Da yawansu sukan ƙulla da kyau, su kwance da ha'inci. Bayan babi sittin na jan rai, sai a jibga laifin a kan kishiya, wadda tun shafin farko aka zana ta da baƙar zuciya, ko a ce boka ne ya yi jifa, ko mamaci ya zo a mafarki ya faɗi komai, ko mai laifi ya kwanta ciwon ajali ya yi ta zuba ba a tambaye shi ba. Kishiya bare ce a cikin zuriya, don haka ɗora mata jinin hanya ce ta wanke dangin uba, a bar gado yadda yake, a kuma kuɓutar da mai karatu daga tambayar da ta jawo shi. Tarihihin Kusugu ya fi su tsauri a wannan fage, domin a can ba a karɓi da'awa ba sai da kai a hannu, kuma tsohuwar da ta warware zancen ba mafarki ta yi ba, lissafin kwana ta yi.

Muhawarar da aka tafka a shekarun 1990 kan adabin kasuwar Kano, tsakanin irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu, ta yiwu ne domin littattafan suna nan a kan takarda, ana iya sayensu a kasuwa a ajiye. Na yanzu ba haka suke ba. Labari yakan rayu a zauren waya wata uku, a rufe zauren, ya tafi da dubban martanin masu karatu waɗanda suka yi ta gardama a kan ko ɗan mamaci ya yafe ko kada ya yafe. Wannan gardama ita ce shaidar da mai nazarin jigo da mai nazarin al'ada suka fi bukata, kuma ita ce ta fi saurin ɓacewa. Sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Bayero da ta Ahmadu Bello suna da ɗalibai 'yan Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, waɗanda ke cikin waɗannan zauruka dare da rana, suna kuma neman batun kundin digiri.