Sunan da ke Kan Layi Ba Shi ne Mai Magana Ba

Ɗalibin da ke nazarin karin harshen Tasawa ko na Mayayi a yau ba ya rasa inda zai samo Hausar da mutane ke rubutawa da hannunsu. Zaurukan WhatsApp na 'yan gari ɗaya, na manoma da na fataken dabbobi, cike suke da ita. Manhajar kan fitar da hirar zaure a matsayin fayil na rubutu zalla, kowane saƙo da kwanan wata da lokaci da sunan wanda ya aiko. Daga nan sai ɗalibi ya kira grep, umarnin da Ken Thompson ya rubuta wa tsarin Unix a farkon shekarun 1970, ya ce a tsamo masa duk layin da ke ɗauke da suna kaza. Kafin ya kurɓi shayi, an tace masa dubban layuka.

Wannan sauƙi abin maraba ne. Abin da ya kamata malamai su daina karɓa shi ne a kawo sakamakon tacewar a ce ga Hausar mutum guda.

Grep ba ya sanin mutum, jerin haruffa kawai yake bi. A nemi "Ali" ba tare da bambanta manyan haruffa da ƙanana ba, zai kwaso Halima da hali da dalili. A nemi "Sani", duk wanda ya rubuta "ban sani ba" ya shigo cikin lissafi. Wannan yana da magani: a ɗaure sunan da alamomin da ke gabansa da bayansa a farkon layi. Wadda ta fi ɓarna ita ce ta saƙo mai layi da yawa. Layin farko ne kaɗai ke ɗauke da suna, sauran sai su zube ba tare da wani gargaɗi ba, alhali a dogayen saƙonni ne ginin jumla ke bayyana. Mai nazarin nahawu da bai fara haɗa layukan da awk ba, gaisuwa da "to madalla" zai tara ya kira su bayanai.

Sannan sunan kansa na wane ne? Sunan da mai wayar da aka ciro hirar ya adana ne. Idan bai adana ba, lambar waya ce za ta fito da +227 a gabanta. Mutum ɗaya kan canza layi ya zama biyu. A ƙauyukan da ke bakin Gulbin Kaba kuwa, waya guda takan yi wa gida guda hidima: uwa ta faɗa, ɗan makaranta ya rubuta, da irin ƙa'idar da ya koya a ajin Faransanci. Shi ya sa "cikin" ke komawa "tchikin", "kuma" ta koma "kouma". Idan aka ga "tafi" a inda ake sa ran "tahi", wa zai rantse bakin uwar ne, ba hannun yaron ba, ko ma saƙon da aka turo daga Kano? Ga kuma 'y da Nijeriya ke rubutawa, Nijar na rubuta ƴ, yawancin masu waya kuma y kawai suke latsawa. Dattawa da mata da dama da murya suke aika saƙo, abin da fayil ke nunawa a gurbinsa ɗan layi ne mai cewa an tsallake shi.

Akwai kuma haƙƙin mutane. Wanda ya yi ƙorafin bashi ko rikicin gona a zauren 'yan garinsu bai yi don kundin digiri ba. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane tun 2017, kuma tace hira da suna daidai yake da tara wa mutum ɗaya duk abin da ya taɓa furtawa a wuri guda. Ya dace a nemi yardar 'yan zaure tukuna, a musanya sunaye da lambobin waya da wasu alamomi ta amfani da sed, a ajiye makullin a wani wuri dabam.

Sashe na iya neman abu biyu daga kowane kundi irin wannan: ainihin umarnin da aka buga, harafi da harafi, domin wani ya maimaita, da bayanin yadda ɗalibi ya tabbatar da mai riƙe da wayar. Na biyun sai an hau mota zuwa Mayayi an tambaya.