Ciwon Sukari Na Yara: Abin Da Littafin Asibiti Bai Nuna Ba

A shekarar 2013 likitocin yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato suka wallafa bitar da suka yi wa littattafan asibitin na shekara goma. Cikin dubban yaran da aka kwantar, waɗanda aka samu da ciwon sukari ba su kai goma ba. Mai karatu zai iya ɗauka cewa cutar ba ta damu wannan jiha ba. To, amma daga ƙauye irin Fakku, a Ƙaramar Hukumar Kebbe, zuwa wannan asibiti tafiya ce ta fiye da kilomita 100, kuma littafin asibiti ba ya ƙirga sai wanda ya iso da rai.

Ciwon sukarin da ya fi kama yara ya sha bamban da na manya, kuma ba shan zaƙi ke kawo shi ba, ko da yake har yanzu ana ɗora wa iyaye mata wannan laifi. Garkuwar jikin yaron ce ke juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin fankiriyas, wata tsoka da ke bayan tumbi. Tun da aka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, allurarsa ce ke riƙe da ran irin wannan yaro.

Gado yana da hannu, amma bai isa shi kaɗai ba, domin ana samun tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya ya kamu, ɗaya ya daɗe lafiya lau. Saboda haka masana suka koma neman abin da ke tunzura garkuwar daga waje. Nan ne aka ga abin mamaki a kan iyakar Finlan da yankin Kareliya na Rasha. Mutanen ɓangarorin biyu suna da kusancin jini, yanayinsu ɗaya, amma binciken da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa yaran Finlan, inda wadata da tsabta suka fi yawa, sun ninka maƙwabtansu kamuwa kusan sau shida.

Ƙwayoyin cutar da aka fi zargi su ne dangin enterobairos, masu yaɗuwa ta bayan gida da gurɓataccen ruwa. Mutanen Sakkwato sun san ɗaya daga cikinsu sarai, wato ƙwayar shan inna. Binciken TEDDY, wanda ya fara bin yara fiye da 8,000 a Amurka da Finlan da Jamus da Suwidin tun 2004, ya bayyana a 2019 cewa yaran da wani nau'in wannan ƙwaya ya daɗe a hanjinsu sun fi nuna alamun juyewar garkuwa. Ke nan daɗewar cutar ce abin lura, fiye da kamuwar ɗan lokaci. Sai dai yaran Kareliya sun fi na Finlan haɗuwa da waɗannan ƙwayoyi, ga shi kuma sun fi su tsira daga ciwon. Bayanin da wasu masana suka bayar shi ne, uwar da ta sha haɗuwa da ƙwayar tana miƙa wa jaririnta kariya ta mahaifa da nono. Wannan hasashe ne mai ƙarfi, amma kada wani ya ɗauke shi hujjar barin rijiya a buɗe, domin gudawa ta fi ciwon sukari kashe yara nesa ba kusa ba.

An daɗe kuma da sanin cewa jaririn da uwarsa ta kamu da rubela tana da cikinsa yana cikin haɗarin ciwon sukari daga baya. Nijeriya ta fara rigakafin rubela haɗe da na ƙyanda a 2025. Zargin da aka yi wa madarar shanu kuwa ya yi rauni, bayan gwajin TRIGR ya nuna a 2018 cewa sauya wa jarirai madara bai rage kamuwa ba.

Mafi yawan wannan ilimi an tara shi ne a kan yaran Turai da Amurka. Da aka auna matasa kusan 900 a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu, sakamakon da aka wallafa a 2025 ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka ce suna da wannan ciwo ba su da alamun juyewar garkuwa a jininsu. A shekarar ce kuma Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da wani nau'i dabam mai alaƙa da rashin abinci mai gina jiki. Ga jihar da tamowa ta addabi yaranta, wannan batu ya cancanci ɗaliban likitanci na Sakkwato su ɗauke shi nasu.

Kafin a kai ga haka, haɗarin da cututtuka masu yaɗuwa ke jawo wa yaron Fakku ko na Tambuwal ya fi wannan sauƙin gani: suna rufe ciwon. Yaron da ya rame, yake amai, yake numfashi sama-sama, ya soma suma, kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kansa. Idan an gwada jini aka ga zazzaɓin, wanda da damina ba wuya a gan shi, sai bincike ya tsaya nan. Mafi yawan yaran da aka samu a bitar Sakkwato sun iso ne cikin irin wannan hali. A karkarar Mozambik, wani bincike na 2005 ya ƙiyasta cewa yaron da ya kamu ba ya cika shekara guda a raye.

Alamun farko kuwa uwa ce ke fara ganinsu: ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, rama duk da cin abinci, da tururuwa da ke taruwa inda ya tsuguna. Na'urar auna sukari ta hannu tana ba da amsa cikin ƙasa da minti ɗaya da ɗigon jini guda. Abin da ya rage ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da majalisun Kebbe da Tambuwal shi ne su tabbatar kowane ɗakin shan magani yana da ita tare da tsinkayenta, a kuma umarci ma'aikata su auna sukarin duk yaron da aka kawo a galabaice, ko da gwajin zazzaɓi ya nuna akwai shi.