Gwani a Ajin 'Yan Koyo

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce jawo hankalin malamai da 'yan'uwana ɗalibai ga wata matsala ta masu tsara manhajar kwamfuta, wadda ba baƙuwa ba ce gare mu manazarta harshe.

A Kazaure akwai Cibiyar Informatics da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, inda matasa, har da na Babura da Roni da Gwiwa, ke koyon wannan sana'a. Harsunan kwamfuta kuwa kullum sababbi fitowa suke. Wanda ya goge a harshen C na 1972, idan ya koma Python na 1991, yakan zaci kalmomi kawai zai sauya. To, a nan gizo ke saƙa.

Alal misali, C da baka biyu yake killace rukunin umarni, Python kuwa da tazarar farkon layi. Wannan nahawu ne, ba ya wuyar kamawa. Salo shi ne aiki. Sai ka ga gwani yana tunani da C, yana rubutu da Python, tamkar mai fassara Turanci kalma da kalma. Na'ura za ta karɓa, amma abokan aikinsa su sha wuyar gyara.

A ganina, kamata ya yi gwani ya ajiye girman kai, ya duƙufa ga karanta ayyukan waɗanda suka riga shi, kamar yadda muke koyon salo daga adabi. Tsohon saninsa jari ne, amma ba zai ɗauke masa zama ɗalibi ba. Ai gemu ba ya hana ilimi.