Alkawarin da aka yi wa matan Afganistan 25, wa zai cika shi?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba da kaya bashi a bakin iyaka ya san amana ce ke riƙe ciniki. Wanda ya karɓi kaya ya saɓa sharaɗi, ranar kasuwa mai zuwa ba mai miƙa masa ko buhu ɗaya. Da wannan ma'auni nake so mu auna wani lamari da ya faru nesa da mu, a ƙasar Afganistan, kan wani wasa da yawancinmu ba mu taɓa kallo ba, wato kurket.

Kurket wasa ne na mutum 11 a kowane ɓangare, wani ya jefo ƙaramar ƙwallo, wani ya buge ta da katako mai faɗi. Ƴan Afganistan sun koye shi ne a sansanonin gudun hijira na Pakistan, musamman wajejen Peshawar, suka koma da shi gida. A 2017 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta ba ƙasar cikakkiyar kujera. Kujerar na tafe da miliyoyin daloli a kowace shekara, kuma tana da sharaɗi: ƙasa ta riƙa tafiyar da wasan mata. A watan Nuwamban 2020 hukumar kurket ta Afganistan ta ɗauki mata 25 bisa kwantaragi. Ka ga an ƙulla ciniki ke nan, da shaidu.

Ba a cika shekara ba, ran 15 ga Agustan 2021, Taliban ta kama Kabul. A watan Satumba wani jami'inta, Ahmadullah Wasiq, ya shaida wa wata kafar Ostareliya cewa mata ba za su yi kurket ba. Wasu daga cikin ƴan wasan sun ƙone kayan wasansu don kada a gane su. Da taimakon wasu mata ƴan Ostareliya, ciki har da tsohuwar ƴar wasa Mel Jones, mafi yawansu suka tsallaka iyaka zuwa Pakistan, daga can suka wuce Melbourne da Canberra. Mu da muke ganin masu tsallake iyaka kullum, mun san bambancin mai tafiya da kayan sayarwa da mai gudun tsira da ransa.

Sai ran 30 ga Janairun 2025 suka sake haɗuwa a fili ɗaya a Melbourne, Nahida Sapan na jagorantarsu. Ba su yi nasara ba, kuma wasan bai shiga lissafin wasannin ƙasa da ƙasa ba, domin ICC ba ta ɗauke su a matsayin tawagar ƙasa ba. A wannan tsakanin kuwa mazan Afganistan sun ci gaba da wasa da sunan ƙasar, har suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta 2024. Kujera tana nan, kuɗi na shiga, sharaɗi kuwa an take shi.

Na san wani zai ce ai addini ne ya hana. Wannan magana ba ta da ƙafa. Pakistan da Bangaladash ƙasashen Musulmi ne, kuma dukansu suna da tawagar kurket ta mata. Ban da haka, hanin bai tsaya a filin wasa ba. Tun 2021 aka rufe wa ƴan mata makarantun sakandare, a Disamban 2022 aka rufe musu jami'o'i, a 2023 aka rufe shagunan kwalliya da dubban mata ke ci daga gare su, a Disamban 2024 aka hana su koyon aikin jinya da ungozoma. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC da Shehun Azhar duk sun yi tir da rufe jami'o'in. Rashid Khan, babban ɗan wasan kurket na ƙasar, ya fito fili ya nuna rashin yardarsa da hana koyon aikin jinya. In babu ungozoma, wa zai karɓi haihuwar matan ƙasar nan da shekara goma?

Wani kuma zai ce, ana maganar makaranta da abinci, ina ruwan mutane da ƙwallo? Gaskiya ne wasa ɗaya a Melbourne bai buɗe ko aji ɗaya a Kabul ba, kuma bai kamata a ruɗi kowa da cewa an ƴanta matan Afganistan da katakon kurket ba. Sai dai ga waɗannan mata wasan sana'a ce mai albashi, kamar yadda rumfa take ga mai rumfa. Abu na biyu, manufar dokokin nan ita ce a daina ganin mace a bainar jama'a, a daina jin muryarta. Duk ranar da suka shiga fili da sunan ƙasarsu, ana tuna wa duniya da miliyoyin da aka kulle a gida.

A nawa ra'ayi, ƙaurace wa mazan ba shi ne magani ba. Ostareliya ta soke wasanni da su a 2021 da 2023 da 2024, kuma ba a ga Taliban ta sauya ba. Mazan ba su suka kafa dokar ba. Wanda bashi ke wuyansa shi ne wanda ya gindaya sharaɗi ya kuma kau da kai. A 2024 matan suka rubuta wa ICC suna neman a amince da su a matsayin tawagar ƴan gudun hijira. A Afrilun 2025 hukumar ta sanar da asusun tallafi tare da hukumomin kurket na Indiya da Ingila da Ostareliya. Da babu gara ba daɗi, amma tallafi daban, haƙƙi daban. Hanyar kuwa an riga an share ta: tun 2016 ake da tawagar ƴan gudun hijira a gasar Olamfik, kuma a 2025 FIFA ta kafa tawagar ƙwallon ƙafa ta matan Afganistan da ke gudun hijira, har suka buga wasanni a Maroko.

Abin da ya dace shi ne ICC ta amince da su a hukumance, ta tsara musu wasanni da sauran ƙasashe, ta kuma cire kason mata daga kuɗin da take ba Afganistan ta miƙa musu kai tsaye. Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne. An ɗora wannan kaya a 2017, an ƙara ɗaure shi a 2020, kuma masu shi 25 suna raye suna jira. Allah ya ba masu iko ikon sauke shi.