Filin Mata: Wane Gari Za A Kai Yarinya A Ƙasar Sin?

Wata uwa daga Rido ta aiko da tambaya. 'Yarta za ta tafi koyon Sinanci, dangi kuwa sun ce sai Guangzhou, don can 'yan kasuwarmu suka fi yawa.

To, ni dai ban goyi bayan wannan ba. Sinancin da ake koyarwa a makaranta, wanda suke kira Putonghua, bisa lafazin Beijing aka gina shi. Mutanen Guangzhou kuwa harshensu na gado Kantonanci ne, ya sha bamban ƙwarai. Ga kuma babbar illa: yarinya ta taso daga aji ta tarar da 'yan gida, a yi ta Hausa har dare. Shekara ta ƙare, kuɗi sun tafi, baki bai buɗe ba.

Ana yabon lafazin mutanen Harbin, amma a watan Janairu sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri. Wadda hunturun Kaduna ke sa ta rawar ɗari, ina ita ina can? Beijing akwai tsada, ko da yake Hausa ba baƙuwa ba ce wurinsu, tun 1963 rediyonsu ya fara magana da ita.

Da ni ce, Xi'an zan duba. Akwai unguwar Musulmi da tsohon masallaci, abincin halal kuwa ko'ina, sai ta nemi alamar Qingzhen a ƙofa. Tsofaffi suna da nasu karin harshe, amma dangin na makaranta ne. Kafin a biya ko kwabo, uwa ta tabbata akwai ɗakin kwanan 'yan mata cikin makarantar.